Saƙon da Bakina Ya Kasa Kaiwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da mutanen gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Daga mahaifinka Barmo, zuwa gare ka, Magaji. Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a duk zangon da ka buɗe ta, ƙafarka ba ƙaya, jakinka ba ciwon baya. Allah ya raba ka da mahara da miyagun ƙwarin hanya, ya haɗa ka da abokan tafiya masu tsoronsa.

Bayan haka, na san za ka yi mamaki in ka zazzage burgaminka ka tarar da takarda a ƙarƙashin ƙullin garin da uwarka ta ɗaura maka. Shekara ashirin da biyar muna gida ɗaya, me ya hana in kira ka in faɗa maka da baki? Ka san abin da ya hana. Kai ne ɗan farina. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kama shi ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar hira ba. In zan aike ka, sai dai in ce da uwarka a gaya wa wancan ya tafi. Haka muka tarar ana yi, haka na yi, kuma ban ce laifi ne ba. Amma kunyar nan ta cinye maganganu da yawa da ya kamata ka ji. Shi ya sa na roƙi Malam takarda warƙa uku, na fere alƙalami, na zauna bayan rumbu inda ba mai ganina. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da hauya ne. Kuma bari in rubuta sau ɗaya abin da bakina bai taɓa faɗa ba, sunanka na yanka: Isuhu. Na yi farin ciki da kai tun kana rarrafe, ko da ba ka taɓa gani a fuskata ba.

Za ka tafi sabon garin nan da ake sara a arewacin garin da ake kira Sarkin Hausa, wajen Babanka Mati, ka koyi haƙar rijiya. Sana'a ce mai albarka, kuma ba abin da zan koya maka a kanta, don ban taɓa shiga ramin da ya wuce tsayina ba. Abin da na sani shi ne magana, ita ma ta hanyar ɓarna na san ta. Akwai saƙon da nake so ka kai wa Mati. Shekara ashirin da biyu ke nan yana maƙale a wuyana. Tarin nan da kake ji ina yi tun damina ba na sanyi ba ne, ni na san jikina, kuma ina tsoron a kai ni makwanci ban sauke saƙon ba. Amma ba za ka iya kai shi daidai ba sai ka san irin bakin da ya aiko ka, don haka ka karanta a hankali.

Ina saurayi, ban kai shekarunka ba, kakanka ya aike ni rugar Jauro Buba da ke yamma da Hawandawaki. An gama kaka, muna so ya kawo shanunsa su kwana a gonarmu su zuba taki, su ci kara, mu ba shi hatsi kamar yadda aka saba. A lokacin ina ji da kaina, ana cewa yaron gidan nan bakinsa ba ya tuntuɓe. Na iske tsohon zaune kan buzu da dattawa biyu. Ina yin sallama, ko durƙusawa ban gama ba, na ce masa Baba ya ce ya kawo shanu gonarmu bana. Ya dube ni, ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya. Ya tambayi tsohona, ya tambayi tsohuwata, ya tambayi yadda gero ya yi, har ƙanena da ya yi ƙyanda ya tambaya. Ni kuwa ina amsawa a gajarce, ina sake jawo zancen shanu, ban tambayi ko ɗan maraƙi ɗaya nasa ba. Can ya ce, "To, madalla. Mun ji. Sai abin da Allah ya yi."

Na dawo gida da gudu na ce ya yarda. Kakanka bai ɗago daga igiyar da yake tufka ba.

"Mi yac ce?"

Na maimaita masa.

"Kai ka gaishe shi?"

Na ce na yi sallama.

"Da kat taso, ya taka maka?"

Na ce a'a, yana zaune na bar shi.

"To, shanun ga ba su zuwa."

Ba su zo ba kuwa. A gonar maƙwabcinmu suka kwana, kuma geron da muka girba a shekarar da ta biyo baya abin kunya ne. Ka ji, Magaji: inda za ka, kowa zai zo bakin rijiya, Filani da Buzaye da fatake da masu gari. Kada ka raina gaisuwa don tsawonta. Da ita mutum yake gane ko shi ka zo gani ko abin hannunsa. In aka aike ka kuma, kada ka kwaso kalmomi kaɗai ka baro mai maganar. Ka lura da yadda ya zauna, da inda ya sa idonsa, da ko ya taka maka zuwa bakin hanya, don mutanen kirki ba su cika ce wa baƙo a'a da baki ba.

Da na ɗauki darasi daga nan, da wannan takarda ta ƙare a warƙa ɗaya. Ban ɗauka ba. Wata shekara ta yunwa, kana goye, baƙi biyu daga Korgom suka sauka a gidanmu. Uwarka ta aiko da fura. Na kurɓa na ji kusan ruwa ce zalla. Don kada baƙi su ce ban san fura ba, sai na ɗaga murya ta saman danga yadda za ta ji, su ma su ji, na ce yau kam rijiya aka dama mana. Baƙi suka yi murmushi, cikin gida aka yi tsit. Na ɗauka magana ta wuce, tunda ba ta ce komai ba. Sai da suka tafi da kwana biyu, tana surfe, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Da cikin ɗaki kat tambaye ni, da na hwaɗa maka ni ko ruwan ban sha ba. Rabona na zuba ma baƙinka."

Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Abin da na faɗa gaskiya ne, furar ta sha ruwa. Amma na faɗe ta a inda ba ta da ikon amsawa, don macen kirki ba ta mayar wa mijinta magana gaban baƙi. In kana da gyara ga matarka, ko ga wanda ke ƙarƙashinka a wurin aiki, ka ja shi inda zai iya buɗe baki ya kare kansa. Kuma in mutum ya yi maka shiru, ka tambayi kanka ko yarda ya yi, ko kuwa wurin ne ya hana shi magana.

Yanzu na zo kan Mati.

Kai ba ka san shi ba sai a labari, kana ɗan shekara uku ya tashi. Mati ɗan gwaggona ne, taubashina. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka yi mana kaciya, a akushi ɗaya muka ci tuwo har muka yi aure. Ka san yadda wasan taubasai yake, amma ba ka ga namu ba. Ni in ce masa bawana mai kan tulu, shi ya ce mini rago, bakin ya fi hannu aiki. Ranar kasuwar Korgom mutane har barin ciniki suke yi su kewaye mu, su ji wa zai kayar da wani. Yawanci shi yake kayar da ni, don ni yawan magana gare ni, shi kuwa sai ya bari na gaji ya jefo guda ɗaya. Ba wanda nake ƙauna a duniya kamar sa, kuma ban taɓa faɗa masa ba sai ta hanyar zagi. Ka kuma san ƙa'idar abin: taubashi ba ya fushi. Wanda ya yi fushi shi ne abin dariya, ko gaban mai gari ya kai ƙara korar sa za a yi.

A shekarar da tsohuwar rijiyarmu ta rufta, mata sai Hawandawaki suke zuwa ɗiban ruwa, su fita da sassafe su dawo rana tsaka da tulu ɗaya. Mai gari ya kira Mati, don ya riga ya koyi haƙa, ya yi rijiyoyi biyu a wasu garuruwa duk sun ba da ruwa. Shi ya zaɓi wuri, gabas da gari, kusa da babban gawon nan. Rani guda yana ciki. Yana haƙa da dagi, ana jawo rairayi da kwando, yana ɗaure bango da itace gaba bayan gaba don kada ya rufto. Gari duka ya sa rai. Mata suna kai masa fura, Filani sun ba da bunsuru don su ma shanunsu su samu. Da ya wuce gaba ashirin sai ya ci karo da dutse. Kwana goma sha biyu yana dukan dutsen nan, dagi biyu suka lanƙwashe.

Ranar ƙarshe, da hantsi, wani ya baza cewa an ga danshi a kwando. Kafin ka ce me, gari ya taru: mai gari da dattawa, mata da tuluna, Filani da shanu suna kuka a bayansu. Aka jawo igiya, Mati ya fito. Jikinsa fari fat da ƙura, idanunsa ja, tafin hannunsa duk ya tsage yana jini. Na ga hannun nan, Magaji. Ina tsaye kusa da shi, na gan shi sarai. Ya durƙusa gaban mai gari, da wata murya da ban san shi da ita ba ya ce, "Ranka shi daɗe, babu."

Wuri ya yi tsit. Ni kuwa tun da nake ban taɓa iya jure shiru ba. Sai na ji bakina ya ce, da ƙarfi, yadda na ƙarshen taro zai ji:

"Ai na hwaɗa muku! Mati ko tsakiyar gulbi kuka aje shi, ƙura za shi tono muku. Ku miƙo tulunanku shi auna muku rairai!"

Aka fashe da dariya. Mutanen da ke gab da kuka ne, suka samu abin da ya fi kuka sauƙi. Mata suka yi, Filani suka yi, mai gari ya rufe baki da gefen rawani. Ni kuma na tsaya ina jiran tasa, don kullum yakan rama da wadda ta fi tawa zafi. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Ka yi gaskiya, Barmo." Ya naɗe igiyarsa ya saɓa a kafaɗa ya tafi gida.

Maganar ba ta tsaya a bakin ramin ba. Kafin sati, yara suna kiran sa Mati mai ƙura, ramin kuma har yau ka san sunan da ake kiran sa da shi, ba ka dai san daga bakin wa ya fito ba. Zancen ya bi 'yan kasuwa. Mutanen wani gari da suka yi alkawarin zai haƙa musu rijiya bayan damina suka aiko cewa sun fasa. Da wani ne ya yi masa haka, da ya ci kwalarsa, ko ya kai shi gaban dattawa. Amma ni ne. Al'ada ta ba ni damar faɗa, ta kuma hana shi nuna ya ji ciwo, sai ya haɗiye ya ci gaba da gaisawa da mutane.

Bayan kwana uku na je gidansa da niyyar ba shi haƙuri. A nan na gane abin da na jawo wa kaina. Bakina bai san yadda ake fara magana da Mati ba sai da wasa. Ina isa ƙofar gida na ji na ce, "Ina bawan nan nawa?" Ya fito, ya shimfiɗa mini tabarma. Tun da muke bai taɓa shimfiɗa mini tabarma ba, sai dai ya ce ƙasa ma ta yi mini yawa. Ya zauna nesa kaɗan, ya gaishe ni kamar baƙon malami.

"Ina kwana, Malam Barmo? Ina gajiya? Ina iyali?"

Na ji kamar ya watsa mini ruwan sanyi. Na ce, "Mati, ka yahe mini."

Dattawan da ke zaune a ƙofar gidan suka soma dariya tun ban rufe baki ba. Ɗaya ya ce, "To, yau kuma da wace yaz zo?" Sun ɗauka sabon wasa na ɗauko. Mati ya ce, "Haba, ai wasa ne. Ba komi." Me zan ƙara? Ya rufe mini ƙofa da ladabi, kuma ba wanda ya ga an rufe sai ni.

Ana gama girbi ya ɗaura wa jakinsa kaya, ya kwashi iyali ya yi arewa. Can Allah ya ba shi ruwa. Garuruwa da yawa a ƙasar nan rijiyarsa suke sha, za ka gani da idonka. Kowace shekara, in fataken gishiri da kanwa suka biyo, sai sun kawo gaisuwarsa: a gai da Malam Barmo, ana yi masa fatan alheri. Mutane su ce kai, Mati akwai zumunci. Ni kuwa in zagaya bayan rumbu in zauna, don na san abin da gaisuwar take nufi. Na taɓa aika masa da zagi ta bakinsu ko zai rama, ya ce a ce ya gode. Na aika da ban haƙuri, fataken suka isar da shi suna dariya, don kowa ya san mu taubasai ne. Shekara ashirin da biyu bai zage ni ko sau ɗaya ba.

Da ka nuna kana son sana'ar, na aika na roƙe shi. Ya ce yaro shi zo, gidansu ne. Don haka kada ka ji tsoro, zai riƙe ka kamar ɗan cikinsa. Ya fi ubanka hali nesa ba kusa ba.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan shi ne, samun izinin faɗin magana bai isa ya sa ka faɗe ta ba. Wasa da wanda yake da abin ramawa ake yin sa, ranar nan kuwa Mati ba shi da komai a hannu sai jini. Kuma kada ka ce wannan ciwon tsoho ne. Bakina ka ɗauko. Na sha jin ka da taubasanka ta bayan danga, ina dariya a ɓoye, ina kuma jin tsoro. Ban ce ka daina wasa ba, gidan da ba a wasa ba ya zaunuwa. Amma kafin ka jefa, ka dubi fuskar mutum, ka dubi waɗanda ke tsaye a wurin, ka tuna abin da ya same shi a ranar. In wuri ya yi shiru, ka bar shi da shirunsa, ba kai aka ɗora wa cike shi ba.

Ga saƙon, ga kuma dalilin da ya sa sai kai. Duk abin da ya fito daga bakina zuwa kunnen Mati, wasa ne, ko ina kuka na faɗe shi. Kai kuwa ɗansa ne, babu wasa tsakaninku. A bakinka maganar za ta isa yadda take.

Kada ka faɗa ranar da ka sauka, ko a watan farko. Ka yi aiki tukuna, ka ja kwando, ka bari ya san hannunka kafin ya san bakinka. Kada ka faɗa a bakin rijiya, kada ka faɗa gaban ma'aikatansa ko 'ya'yansa, ko da mutum ɗaya ne a kusa ka fasa. Ka nemi ranar da ya zauna shi kaɗai bayan la'asar, yana gyaran igiya ko wani abu. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi har gaisuwa ta ƙare. Sannan ka ce, ba tare da murmushi ba:

"Baba, tsohona ya aiko ni da magana, kuma ya ce in hwaɗa maka ba wasa ba ce. Ya ce ranar da ka hito daga rijiyar gabas ya ga hannunka na jini, ya gani sarai, kuma duk da haka yai magana. Ya ce ba shi da hujja. Ya ce ka yahe mai don Allah."

Iyakarta ke nan. Kada ka ƙara, kada ka kare ni, kada ka ambaci tarina, don ba na so ya yafe mini saboda tausayi. In ka gama ka yi shiru, komai daɗewar da zai yi bai amsa ba. Na san zai yi maka wuya, jinina ne a jikinka, amma ka daure.

Sai ka saurari amsarsa da kyau, don a nan ne za ka iya yin kuskuren da na yi a rugar Jauro Buba. In ya ce ba komai, Allah ya yafe mana duka, a gai da Malam Barmo, to ka yi godiya ka tashi ka ci gaba da aikinka, kada ka canja masa fuska. Ka aiko mini cewa yana lafiya, zan gane. Hakkinsa ne, ba a tilasta shi.

Amma in ya ja tsaki ya ce wancan ragon har yanzu bakinsa bai mutu ba, ko ya ce in zo in ɗauki kwando in ni namiji ne, ko wata wadda ta fi wannan muni, to Magaji, kada ranka ya ɓaci don an taɓa ubanka. Ka haddace ta kalma bayan kalma. Kada ka rage mata zafi, kada ka gyara ta don kunyata. Ka rubuta ta yadda ta fito, ka ba fataken farko da suka nufo Korgom, ka ce su yi sauri.

Uwarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka shiga rami. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla, ka girmama matar Babanka kamar uwarka. Allah ya tsare ka a saman ƙasa da ƙarƙashinta, ya ƙarfafa igiyar da za ta riƙe ka da hannun da zai riƙe igiyar. Allah ya sa duk inda ka kafa dagi a sha ruwa, ya sa bakinka ya zama sanyi ga mutane fiye da na ubanka. Allah ya maido mana da kai lafiya, in ka same ni to, in ba ka same ni ba ka yafe mini shirun da na yi maka.

Ni kuma ka taya ni da addu'a ɗaya, ko da za ta ba ka dariya. Allah ya sa kafin a rufe ni da ƙasa, in ji Mati ya zage ni.

Wassalam.

Mahaifinka,
Barmo